Butar Inna Dije

Cikin duk kwanakin da na yi a aikin lamba, wato rigakafin agana, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da aka miƙo mini buta a gidan dagacin wani ƙauye arewa da Zakirai. Kun sha tambayata abin da ya sa nake matsa wa sababbin ma'aikata su gaya wa uwa gaskiya kafin su taɓa ɗanta. To, daga can ne.

Lokacin Turawa na nan, saura 'yan shekaru su tafi. Agana, wadda ake ce wa 'yan rani, ta shigo ƙasar da bazara. Ga waɗanda ba su tarar ba, tsarin haka yake: likita yana Kano, a ƙarƙashinsa duba-gari, sai malamin lamba mai yawon ƙauyuka da akwati a bayan keke. Malamin lamba namiji ne, iyakarsa zaure. Shi ya sa aka nemi mata masu takardar yaƙi da jahilci su riƙa shiga cikin gida. Aka ɗauke ni gwajin wata guda, aka haɗa ni da Malam Garba. Ƙasa da ni sai keken.

Ina bukatar aikin. Maigidana yana jinyar kuturta a asibitin mishan, ga yara uku, ƙaramar tana goye a bayana. A can muka karɓi Almasihu, mu da muka taso Maguzawa, a can kuma aka yi mini baftisma, Lami ta zama Rifkatu.

Malam Garba mutumin kirki ne, bai taɓa yi mini gorin addini ba. Amma tun a hanya ya ce in koma Lami, don Lami ba ta da ɓangare. Ya ce ba ƙarya ya ce in yi ba, shiru ya ce in yi. Sauran shawarar kunya ta hana shi faɗa, sai matarsa ce ta kawo mini: in an ba ni buta, in ce ina fashin salla. Na ce mata mako uku za mu yi a garin. Ta ce shi ma ya yi wannan lissafin, bai sami amsa ba.

Aikin kansa ba wuya. A goge damtse, a ɗiga magani, a ɗan karce fata ba sai jini ya fito ba, a zaunar da yaro a inuwa har ya bushe. Bayan kwana takwas a dawo a duba ko ta kama. Wuyar ita ce, muna juya baya iyaye ke goge wurin da lemon tsami ko toka. An koya mana mu ce lamba ba ta sa komai. Mukan faɗa, su gyaɗa kai, su aika a tsinko lemo.

Kwana uku ina dabara. Rana na karkatawa sai in haɗa kayana in fito. A kwana na huɗu muka je gidan dagaci, aka tara mini yaran unguwa a tsakar gida. Mai gidan ta gaskiya ita ce mahaifiyar dagacin, Inna Dije, tsohuwa mai kaɗi. Ta ce ba a fara aiki a gidanta da yunwa. Muka ci dambu kwano ɗaya da surukanta. Muna cikin hira aka kira azahar. Ta ajiye mazarinta, ta cika butarta, ta miƙo mini da hannunta, ta ce baƙo ke fara alwala.

Na karɓa, don ba a barin hannun tsohuwa a miƙe. Maganar matar Malam Garba tana bakina, kalma uku ce kawai. Na tuna yarana. Na kuma tuna almajirin Almasihu da ya yi musun Ubangijinsa a bakin wuta, shi ma ba sarki ne ya tambaye shi ba, mace ce a tsakar gida. Na durƙusa na ajiye butar a gabanta.

Na ce, "Inna, na gode. Ni Kirista ce. Sunana Rifkatu."

Ba wanda ya yi ihu. Inna Dije ta dubi butar, ta dubi kwanon da muka ci, ta ce wa ƙaramar surukarta ta kai shi bakin rijiya. Mata suka fara jan 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mini rana ta yi, in gaida mutanen gida.

Kun san ƙasar nan, gona na jingine da gona, gida na jin tarin gida. Kafin la'asar labari ya riga keken Malam Garba isa ko'ina. Washegari duk zauren da na yi sallama, sai a ce matan gidan sun tafi unguwa, ina kuwa jin dakansu. Malam Garba bai yi faɗa ba. Ya ce dole ranar kasuwa ya rubuta wa duba-gari cewa gari ya rufe, kuma dole ya faɗi dalili. Ya tambaye ni ko kalma uku ta fi ƙarfina. Na ce faɗarta ba ta fi ƙarfina ba, zama da ita ne. Kwana biyu ina zaune a masauki, ina addu'a ina wankin abin da ba ya bukatar wanki. Ban roƙi Allah ya mayar mini da aikin ba, na ce dai kada ya bar ni in yi nadama.

A rana ta uku agana ta fito wa wani yaro a gidan maƙera, shinge ɗaya da gidan dagaci. Inna Dije ta aiko a kira ni. Ta shimfiɗa mini tabarma can nesa kaɗan, ta ci gaba da kaɗinta. Ta ce masu lamba uku ta gani a rayuwarta, kowa ya ce ba ta sa komai, kowane kuma ya bar musu yara da zazzaɓi.

Ta ce, "Ke da kika zubar da tuwonki saboda buta, faɗa mini. Me abin nan ke yi wa yaro?"

Na gaya mata. Na ce wurin zai kumbura ya yi ruwa, jiki zai yi zafi kwana biyu ko uku, yaro zai yi rigima, tabo kuma har tsufa. Na ce wannan zafin shi ne alamar ta kama, wanda ya goge da lemo ya goge maganin ne. Na kwance goyona na nuna mata tabon 'yata.

Ta daɗe tana murza tabon da yatsa. Sannan ta sa aka kawo jikanta na fari, ta riƙe hannunsa da kanta. Ta kuma ce duk wadda ta gani kusa da bishiyar lemo a makon nan, da ita take. Da muka dawo dubawa bayan kwana takwas, Malam Garba ya yi ta ɗaga hannuwan yara yana salati. Takardar da ya rubuta bai aika ba, ya kunna fitila da ita.

Ranar da azahar ta sake samuna a gidan, Inna Dije ba ta miƙo buta ba. Tabarma ta turo mini, ta ce in yi irin tamu, ta tambayi wane gefe muke duba. Na ce ko'ina, Allah yana ji. Ta ce shi ya sa Bature ke yawan ɓatan hanya.

Shekara shida ina zuwa garin. Maigidana ya warke, aka sallame shi, har gaisuwa ta aika masa. Ba mu sake cin abinci kwano ɗaya ba. Ta ware mini nawa, wani ja mai murfi, yara na ce masa kwanon Rifkatu. Ban ce abin bai taɓa yi mini ciwo ba. Amma kullum shi ake fara cikawa, kuma nama a ƙasa yake.

Abin da na koya ke nan. Uwa ba maganinki take dubawa ba, don ba ta san abin da ke cikin kwalba ba. Ke take dubawa. In kin ɓoye mata ko ke wace ce, lemo yana bayan ɗaki.