Ta Ce Da Sauƙi, Ni Kuma Na Fassara

Edita, lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da bakwai, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. A Alƙahira na tashi, mahaifina ma'aikacin ofishin jakadanci ne, muna zaune a unguwar Dokki. Tun ina 'yar shekara takwas nake wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda ake sa takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, ana juyi ana tsalle ana bin kiɗa. 'Yan uwa a gida tsiya suke min, wai Bahaushiya da ƙanƙara ai sai a cikin zoɓo. Amma na ci kofuna har kabad ɗin Mama ya cika. Da gwiwata ta gaji sai na bar gasa, na koma tsara wa yara takunsu, wane juyi zai biyo wane tsalle. Gaskiyar magana, ban ƙoshi da tafi ba.

Ana haka aka kawo min wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Babanta ɗalibi ne a unguwar Abbasiya, ita da mahaifiyarta ba su daɗe da zuwa daga gida ba. Wasa kawai suka zo kallo ta nace sai ta gwada. Kai, ban taɓa ganin jiki mai jin ƙanƙara irin nata ba! Uwar ta damƙa min hannunta, ta ce ga amana nan. Larabcin yarinyar bai zauna ba, ga kunya, don haka ni ce bakinta a wurin kowa. Da gasar yara ta matso, na saka mata tsallen da ni kaina na ci kofina na ƙarshe da shi, alhali na san ya fi ƙarfin shekarunta.

Saura kwana biyu ta sauka ba daidai ba, idon sawunta ya kumbura. Safiyar gasa likitar wurin, wata Bamisriya, ta danna ƙafar ta ce in tambayi yarinyar yadda take ji. Na tambaye ta ya ƙafa. Ta sunkuyar da kai ta ce da sauƙi, Anti. Ina kallon yadda ta ƙanƙame bakin benci, zufa na tsattsafo mata a cikin wannan sanyi. Ni Bahaushiya ce, na san ko a gargarar mutuwa aka gaishe mu da jiki, da sauƙi za mu ce. Kakata ma haka ta ce min a waya ranar da ta rasu. Duk da haka na juya na gaya wa likita wai ta ce tamam, wato lafiya lau, ciwo ya tafi. Ta sake tambayata ko na tabbata, na ce khalas, yalla, wato shi ke nan, mu je, lokaci na ƙurewa.

A wannan tsallen nawa ta faɗi. Na ji ƙarar kamar an karya rake, kiɗan kuma bai tsaya ba. A asibiti aka ce dama can ƙashin ya riga ya tsage, da an bar ta ta huta da ya haɗe da kansa. Sau biyu aka yi mata aiki, ƙafar ba ta koma daidai ba. Babanta ya ce ma'alish, ba komai, ƙaddara ce. Uwar har godiya take min don ina yawan zuwa dubiya. Iyayen ba sa cikin ɗakin a safiyar gasar, likita ba ta jin Hausa, ni kaɗai na san abin da na yi. Har yau ko ƙanƙara na ji ana fasawa a kicin sai in fice daga wurin.

Bara na hango yarinyar a tashar jirgin ƙasa na metro ta Abbasiya, ta zama budurwa, tana jan ƙafar tana dafa bango a matattakala. Na so in ɓuya, ta riga ta gan ni. Ta rungume ni da murna. Bakina ya suɓuce na ce ya ƙafa, ta yi murmushi ta ce da sauƙi, Anti.

Don Allah iyaye da malamai, duk wanda aka ba amanar yaro, in ya ce muku da sauƙi ku dubi fuskarsa da hannunsa, ladabi ne kawai yake yi. Ni na duba, na gani, na zaɓi kofi. Shekara shida ke nan ina neman bakin da zan gaya wa mahaifiyarta, ban samu ba.