Mayen da Hajiya Ta Gano a Kwalina

Ni dai ban taɓa jin kunyar littattafan da nake karantawa ba. Na Turanci ne, tsofaffi, irin masu gidajen dutse da jemagu da matattun da suka ƙi zaman kabari, da wasu masu dodanni da takubba. Mahaifina ya bar min su, shi da ya koyar da Turanci har gashinsa ya yi fari, kuma su na fara sakawa a akwati da za mu taho Doha.

Surukata, Hajiya, ta zo mana ganin likitan ido a unguwar Abu Hamour, sai korona ta rufe filin jirgi, zaman sati uku ya koma na watanni. Wata safiya tana goge-goge ta ci karo da wani littafina mai hoton mutum fari fat, haƙora zaƙo-zaƙo. Ba ta ce min komai ba. Ɗanta ta kira, ta ce ba za a ƙara kwana da kayan tsafi a gidan da ake sallah ba, a cikin annoba kuma, kafin Juma'a a kai su shara. Maigidana injiniya ne, yana ba mutum ɗari umarni a wurin aiki, amma a gaban uwarsa “to” kawai ya iya. Ya zuba su a kwali ya ajiye bakin ƙofa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ban yi musu ba, don na san ba zan ci ba. Da la'asar muna tsinke alayyahu sai na fara ba ta labarin wata yarinya da take ramewa kullum, likitoci sun rasa gane ciwon, ga wani attajiri baƙo da ya tare kusa da gidansu. Ban ce daga ina na samo shi ba. Hajiya ta ajiye tire, ta ce wannan ai ko yaro ya san maye ne, likitan me? A kamo shi ya tsallaka ta, ya sakar mata kurwa. Ta zagi iyayen yarinyar tas, ta ce mutane ba addu'a ba tofi, sai kuka. Na tsaya daidai inda ya fi daɗi, na ce sai gobe.

Haka muka yi kwana uku. Na ja labarin da gangan, ban kuwa yi nadama ba.

Ranar Juma'a ta ce in ƙarasa. Na ce gaskiya na manta sauran, yana cikin kwalin can. Ta dube ni, ta dubi kwalin, ta gane sarai abin da na yi mata. A lokacin maigidana ya fito da takunkumi a fuska, ya sunkuya zai ɗauka.

“Kai, ajiye,” in ji ta. “Yarinya na hannun maye, kai ta shara kake yi.”

Ta sa na zaro littafin. Ta juya shi, ta ga rubutun jan biro a gefen shafuka, ta tambaye ni na waye. Na ce na babana ne, ya rasu ina aji uku a jami'a. Ta goge bangon da bakin mayafinta, ta miƙo min da hannu biyu.

“Allah ya jiƙansa. Me ya hana ki faɗa tun farko, 'yar nan? Karanta.”