Wadda Ta Taka Hanyar Jirgi da Ƙafa

Ranar Litinin, tara ga watan Agusta, da hantsi, ina zaune a barandar asibitinmu ina jiran a auna mini hawan jini, ƙaninki ya kira ni ya ce Allah Ya yi miki cikawa. Na ce daga gare Shi muke, gare Shi kuma komawa take. Na jima da wayar a kunnena bayan ya kashe. Ni da nake zaton ke za ki zo yi wa 'ya'yana gaisuwa, ga shi ni ne na ɗauki biro a kanki.

Saboda waɗanda ba su san ki ba: ke 'yar marigayi aminina ce. Kin yi shekaru a hasumiyar filin jirgin sama, inda ake ba jirage izinin tashi da sauka. Da kika ajiye aikin, kika buɗe ɗan ofis a saman wani shagon magani, tebur biyu da fanka mai kuka, kina taimaka wa ƙungiyoyi da kamfanoni su cika ƙa'idojin hukuma kafin su tayar da jirgi mara matuƙi. Mu Hajiya Tukuna muke ce miki, domin duk wanda ya tambaye ki ko a tayar, amsar da zai fara samu ke nan.

Asibitinmu na ƙungiya ne. Ni ne shugaban kwamitin amintattu, kuma furfura ce ta ba ni kujerar. Muna da ƙaramin ɗakin haihuwa a tsallaken kogi. Da rani mota kan ratsa ta cikin yashi. In damina ta kankama kuwa, sai kwale-kwale, shi ma sai ruwa ya yarda. Jini ya ɓalle wa mace bayan haihuwa, ungozoma ta kira mu, jinin yana nan cikin firij muna kallonsa, matar tana can. Mun sha amsa kira na biyu, wanda ba a son ji.

Sai wasu masu taimako suka ba mu jirgi mara matuƙi, mai ɗaukar ledar jini a cikin 'yar kula. Muka yi murna, muka ɗauki hoto da shi, har na sa babbar riga. Hukumar jiragen sama ta ce madalla, amma ina rajista, ina inshora, ina lasisin mai sarrafa shi, ina littafin yadda za ku yi aiki, me za ku yi in ya ɓace muku a sama? Na ce wa ma'ajinmu, ashe jirgin da ba shi da matuƙi ya fi mai matuƙi cin takarda. Sau biyu muka nema, sau biyu aka dawo mana da kayanmu. Da gaskiyarsu kuwa, domin littafin wani kamfani sakatarenmu ya kwafo sukutum, har da shafin abin da za mu yi in dusar ƙanƙara ta sauka. Jirgi ya koma akwatinsa a sito, gizo-gizo ya yi masa lulluɓi. Masu kyautar suka aiko cewa in wata daminar ta sauka ba izini, za su ɗauke shi su kai wa waɗanda suka shirya.

A nan na hau matakalar ofishinki ina haki. Kika duba takardunmu, kika cire tabarau.

"Kawu, abin da ba ku yi ba, ba zan rubuta kun yi ba. Ku yi in gani, sannan biro ya hau."

Na ce, "'Yar nan, ni rubutu na zo nema, ba aiki ba."

Kika ce, "To ka ɓata hanya, Kawu. Sha ruwa."

A taswirarmu, sakatare ya ɗora rula ya ja layi miƙaƙƙe daga asibiti zuwa tsallake. Kika ce ba kya sa hannu a kan samaniyar da ba ki taka ƙasanta ba. Muka ɗauka raha ce. Washegari sai ga ki da takalmin kambas da laima, kika tasa ma'aikacin ɗakin gwajinmu a gaba, wanda muka tura koyon sarrafa jirgin, shi ya sa har yau kowa Matuƙi yake ce masa. Ni ma na bi ku, har inda gwiwa ta ce ya isa, na zauna gindin wani mangwaro na riƙa yi muku addu'a.

Abin da ƙafarki ta gano, rula ba ta gani ba. Layin ya ratsa sabbin wayoyin lantarki da babu su a taswira. Ya bi ta kan filin wasan makarantar firamare. Sannan ya keta wata unguwa da tsakar gidajenta ba rufi, inda mata ke wanki da wankan yara. Kika shiga gida-gida, kika zauna a tabarma kina bayani. Matuƙi ya ba ni labarin wata tsohuwa da ta saurare ki har kika gama, sannan ta ce:

"Wannan abin naku, yana da ido?"

"Yana da shi, Iya."

"To ya bi wani wuri da idonsa."

Kika lanƙwasa hanyar. Ta bi ta kan gonaki da gaɓar kogi, ta ƙara tsawo, aka sake lissafin batir, aka rubuta cewa kyamara gaba kawai za ta riƙa duba. Ma'aji ya yi ta mita cewa muna tambayar tsofaffi izinin sama. Tsohuwar nan kuwa, ita ce yau take korar awaki daga filin saukar jirgin, kuma ba wanda ya ɗora mata aikin.

Haka kika bi da mu shafi-shafi. Kowa sai ya yi aikinsa a gabanki, ya faɗe shi da bakinsa, sannan ki rubuta da kalmominsa. Da aka ba mu izinin gwaji, hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas. Kuma a ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan ne farfela ta tsage, jirgi ya rikito cikin gonar masara. Ba wanda ya ji ciwo, sai karan masara 'yan kaɗan. Muka tsaya cirko-cirko. Takardunmu na ƙarshe suna gaban hukuma, masu kyauta suna jiran amsa.

Ma'aji ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Wa ya gani? A canja farfela, kowa ya kama bakinsa."

Kika ce, "Ni na gani."

Kafin la'asar kin rubuta rahoto, da hotuna, da abin da ya jawo, da abin da za a gyara, kin aika. Kika nemi mai gonar kika ba shi haƙuri. Duk muka ce shi ke nan, kin rufe mu da ranmu. Ma'aji ya daina amsa gaisuwarki, in ya hango ki sai ya hau duba waya.

Hukuma ta turo sufeto, wani dogo da fuskarsa ba ta saba da dariya ba. Ya yi wa Matuƙi tambayoyi har gumi ya jiƙa masa riga. Ya haye tsallake ya tambayi ungozoma me za ta yi in jirgi ya sauka yara na kusa, ta zayyano masa tiryan-tiryan, tun da da bakinta aka rubuta. Sannan ya ce a kai shi gonar. Ya tsaya a inda jirgi ya faɗo, ya dubi tsohuwar taswirar mai layin rula, ya ɗaga kai ya hango makarantar, yara sun fito hutun tara suna ta guje-guje. Da wancan layin aka bi, da a kansu jirgin ya faɗo. Da zai shiga mota ya ce miki, "Hajiya, masu gaya mana da kansu cewa jirginsu ya faɗo ba su da yawa."

Izini ya fito kogi bai kawo ba. Ban taɓa ganin barandarmu kamar ranar ba. Masu jinya suna guɗa, sakatare yana karanta takardar da ƙarfi yana maimaitawa, ma'aji da tumbinsa yana taka rawa. Ya zo gabanki ya rusuna ya ce, "Hajiya, na tuba. Yau kam a tayar?" Kika ce masa ya fara duba batir.

Ba mu san kina fama da ciwo ba, domin ba ki bari mun sani ba. Ranar da jirgin ya ɗauki jini na farko don mace mai haihuwa, kina kwance. Ungozoma ta kira ki ta miƙa wayar wajen jirgin, kika ji ƙarar saukarsa da kunnenki. Maigidanki ya ce kin yi ta hamdala har hawaye. Tun daga ranar, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ba mu rasa mace ko ɗaya a tsallake don rashin jini ba. Na rubuta wannan ne don a sani, kuma ina rubuta shi da alfahari. Ba mu kaɗai ba ne: a zaman makoki na ga ƙungiyar manoma da masu safiyon filaye, kowa da labarin yadda kika gajiyar da ƙafarsa kafin ki ba shi takarda.

Allah Ya jiƙan ki, 'yar aminina. Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarki, da maigidanki, da 'ya'yanki, da ƙaninki. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari.

Ina kuma yi wa Matuƙi ta'aziyya ta musamman, domin shi bai samu rakiyarki ba. An sallace ki, ya kama makara ke nan, ungozoma ta kira: ana neman jini a tsallake, kogi ya cika maƙil. Ya dubi maigidanki ido jajir, maigidanki ya karɓi gefen makarar ya ce masa, "Tafi." Ya tafi, ya yi duk binciken da kika koya masa bai tsallake ko ɗaya ba, ya tayar. Muna kan hanyar dawowa daga maƙabarta saƙo ya shigo: uwa lafiya, jaririya lafiya. Allah Ya kai miki ladan wannan, da na duk waɗanda za su biyo baya. Amin.