Yadda Na Ɓata wa Dattijo Suna a Kan Zaɓen Magajin Gari

Lokacin ina ɗalibi sabon zuwa Manchester, ina haya a unguwar Cheetham Hill, kuma ina ganin na fi kowa wayo. Na baro gida da imanin cewa duk wanda ya nemi sunanka da adireshinka gab da zaɓe, akwai abin da yake ƙullawa.

Akwai wani dattijo ɗan ƙasarmu, tsohon direban bas, da kowa ke kira Baba. Wata Juma'a da aka idar da salla ya tare mu da takardu, wai mu yi rajista mu zaɓi magajin gari. Ya ce a da kansiloli ne kawai ke naɗa ɗayansu, a rataya masa sarƙar girmamawa a wuya ya yi ta buɗe taro, amma yanzu akwai wanda jama'a ke zaɓa da kansu, kuma motocin bas da sa ido kan 'yan sanda suna hannunsa. Ya ce mu 'yan ƙasashe rainon Ingila muna da ƙuri'a. Na ce a raina, ina mai bizar karatu ina ƙuri'a? Ban tambayi kowa ba, na rubuta a zauren hirar 'yan ƙasarmu na waya cewa a yi hattara, tsohon nan hukumar shige da fice yake tara wa sunaye.

Kafin wata Juma'ar an fara kauce masa a sahu, mata ma suka ɗauke ƙafa daga gidansa. Bai taɓa tunkarata ba. Bayan 'yan watanni ya tattara ya koma wurin 'yarsa a Birmingham. Ashe abokina da muke haya tare ya yi rajistar a ɓoye. Ranar zaɓe ya je ya kaɗa ƙuri'arsa ya dawo yana min dariya, ba wanda ya ce masa kanzil. Shi ya faɗa min Baba so yake mu yi yawa, don mu nemi a ƙara bas ɗin asuba saboda matanmu masu aikin kula da tsofaffi.

Kunya ta hana ni motsi har shekara ta zagayo. Ranar da na isa gidansu a unguwar Selly Oak ta Birmingham, 'yarsa ta ce ɓarin jikin Baba ya shanye, ba ya magana. Ta ce kafin ya kwanta kullum tambayarsa ita ce me ya yi wa yaran nan. Na durƙusa na ce Baba ya yafe min. Ya riƙe hannuna yana kallona, har yau ban san ko ya gane ni ba.

Abin yana ci na har gobe. Don Allah, kafin ka yaɗa zargi a kan mutum ka je ka tambaye shi, tun yana iya ba ka amsa.