Ranar da Inna ta Ga Gidanmu Daga Sama

Ni dai ban taɓa ganin mutum ya ci ado don zuwa gaban na'ura ba sai Innata. Ranar wata Talata ce da hantsi. Ta fito da shaddarta ta Sallah, wadda ita da hannunta ta rina ta shuɗiya mai duhu, ta kafa ɗauri, ta ƙulle goro a gefen mayafi. Na ce, "Inna, goron nan na wane ne?" Ta ce na mutanen biro ne, wato ofishin gwamnati. Na ce ai babu biro, babu mutane, sibar za mu je, wurin da ake hayar kujera a gaban kwamfuta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, ba a zuwa gaban hukuma hannu rabbana." Ni ce 'yar fari, don haka har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Marina gare mu a cikin gida, a unguwar Zongo ta birnin Kwatano. Tun ina rarrafe na tashi na ga gangunan rini a kan murhu, da matan da ke yi wa Inna aiki sanye da safar roba har gwiwar hannu, da shadda shanye a kan igiyoyi, ja da kore da ruwan ƙwai. Warin soda kuwa ni ban ma san yana nan ba, sai in baƙo ya shigo ya toshe hanci. Da marinar nan aka ciyar da mu, da ita aka kai ni jami'a a Abomey-Calavi, kuma bayan rasuwar Baba ita kaɗai ce ta riƙe gidan.

To sai ga takarda an manna mana a ƙofa. Duk mai sana'ar da ke zubar da ruwan sinadari dole ya nemi takardar shaidar kiyaye muhalli, wadda kowa a unguwa ke kira sartifika. Wanda bai shigar da buƙatarsa ba kafin Juma'a za a rufe masa wurin aiki. Kuma ba a karɓa da hannu, sai ta intanet.

Wannan ne ya ɗaure wa Inna kai. Ta ga zamanin da ake tafiya biro da rawar jiki, a durƙusa a gaida mai kaki, a jira ya gama shan iska. Ta ga lokacin da ƙasa ta koma mulkin zaɓe, har ita ma ta dangwala yatsa, kodayake yatsan nata ya riga ya rine, tawadar ba ta ko fito ba. Amma hukumar da ba ta da fuska, wadda ba za ka gaishe ta ka tambayi iyalinta ba, wannan kam ba ta taɓa jin labarinta ba.

Sibar ɗin ba nisa, ƙafa muka taka. Mai wurin wani magidanci ne mai sanƙo da fara'a, yana jin Hausar kasuwa. Inna ta yi sallama da ƙarfi har kowa ya waiwayo, ta kwance goro ta ba shi biyu, sauran ta ajiye a gefen allon kwamfuta. Kunya kamar in nutse. Na ja mata kujera na fara cike takardar buƙatar da sauri, don ni a lokacin ji nake babu wanda ya kai ni sani, ga digiri sabo fil a jaka.

Sunan sana'a, na rubuta. Shekarar da aka fara, Inna ta ce shekarar da aka haife ni, na lissafa na rubuta. Abin da ake amfani da shi, ta jero mini garin rini da soda da ƙaro da sitaci, ina juyawa da Faransanci. Duk tambayar da na karanta mata sai ta amsa da ladabi tana kallon allon, har da cewa "ranka ya daɗe". Na ce, "Haba Inna, ba ya jinki fa!" Ta ce in yi abin da ya kawo ni.

Sai muka zo wurin da aka ce a nuna inda sana'ar take a kan taswira. Na danna, allon ya yi fari, sai ga Kwatano gaba ɗayanta ta bayyana, hoton da aka ɗauko daga sararin samaniya. Ga teku a ƙasa, ga tafki a sama, ga bakin ruwan da ya raba mu da unguwar Akpakpa da gadojinsa kamar an gitta tsinken tsintsiya. Inna ta matso da kujera. Na dinga jawo hoton kusa, gidaje suna girma, tituna suna buɗewa, har na gane rufin babban masallaci. Daga nan na bi layinmu da 'yar kibiyar da ke kan allon, gida ɗaya, biyu, uku.

"Tsaya," in ji Inna.

Ita ta riga ni ganewa. Ga rufinmu da fallen kwano ɗaya sabo a tsakiyar masu tsatsa, wanda Baba ya sa da damina ta huda ɗakinta. Ga igiyoyin shanya da shadda a kansu, ƙananan layuka masu launi. Wallahi tsigar jikina ta tashi. A gidan nan aka haife ni, na san kowane lungu nasa, amma ban taɓa tunanin yana da wata fuska da ke kallon sama dare da rana ba. Inna ta dafe ƙirji tana ta "Subhanallahi, Subhanallahi" a hankali. Ta tambaye ni wa ya hau ya ɗauka. Na ce wata na'ura ce da ke yawo can sama da gajimare. Ta ce, "Kuma ba mu ji ko motsinta ba?" Na ce ba mu ji ba.

Can sai ta ƙura wa wuri ɗaya ido. Ta ɗora yatsanta shuɗi a kan allon, a kusurwar tsakar gida ta gabas.

Motar Baba ce. Tsohuwar a-kori-kurarsa fara, da koren tamfol ɗin da yake rufe bayanta da shi. Da ita yake ɗauko wa Inna bandir-bandir na farar shadda daga kasuwa, ya kai rinanniya wurin masu saye. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa a lokacin, motar ma ƙaninsa ya tafi da ita arewa tun bayan arba'in. Ashe hoton tsoho ne. An ɗauke shi wata rana da Baba yana raye, yana gida, wataƙila yana kwance a ƙarƙashin fallen kwanon nan yana sauraron rediyo. Tun da motar ta bar gidan Inna ba ta yarda kowa ya taɓa wurin ba. Kullum da safe sai ta share shi da kanta, ba a shanya a nan, ba a ajiye ko bokiti, duk da irin matsin da muke ciki.

Ban san tsawon lokacin da muka yi muna kallo ba. Ni na fara kuka, ita ko hawaye ba ta yi ba. Kallo kawai take, bakinta na motsi.

Da ta janye yatsan sai ya sauka a kan wani abu dabam. Daga jikin katangarmu ta baya, wani baƙin zare ya fito ya bi yashin layi, ya yi faɗi a bayan gidan maƙwabta, ya lanƙwasa ya faɗa babbar kwata. Ta ce, "Wannan fa?" Na san ko mene ne, ita ma ta sani. Ruwan rininmu ne, wanda ake tuttularwa ta ramin katanga kowace yamma tun kafin a yaye ni. Daga ƙasa ba ya zama komai, ɗan danshi ne da ake tsallakewa. Daga sama kuwa ga shi nan ɓaro-ɓaro, kuma babu mai tambayar daga gidan wa ya fito. Ta ce in bi shi. Na bi kwatar da kibiya, layi bayan layi, har ta kai bakin ruwa, inda kwale-kwalen masunta suke jere.

"Nan ake kamo kifin da muke ci?" ta tambaya. Na ce nan ne.

Tambaya ta gaba a takardar ita ce ko ruwan sana'ar yana fita waje ba tare da an tace shi ba. E ko a'a. Mai sibar da ke tsaye a bayanmu ya sunkuyo ya ce, "Hajiya, a'a ake sawa. Kowa a'a yake sawa. In kika sa e, kin kira su da bakinki." Ni ma ra'ayina ke nan, har na riga na danna. Na gangara ƙasa inda ake sa alama a ɗan akwati kafin a aika. Inna ta riƙe mini hannu ta ce in karanta mata abin da ke jikin akwatin. Na fassara mata: na shaida bisa mutuncina cewa duk abin da na faɗa gaskiya ne.

"Rantsuwa ce ke nan," in ji ta.

Na ce ba rantsuwa ba ce, akwati ne. Raina ya ɓaci, na manta a cikin mutane muke. Na ce, "Inna, in suka rufe marinar nan me za mu ci? Matan nan da ke aiki ina za su? Don Allah ki bar ni in yi abin da na sani!" Ina da baki, na sani, har yau ban rabu da shi ba.

Ba ta ɗaga murya ba. A gidansu, in ji ta, tun kakanninta fatake da suka sauka a Zongo, ba a rantsuwa a kan haja. In zane yana zuba, sai ka ce yana zuba, mai saye ya saya ko ya bari. Ita ba ta taɓa ce wa kowa rininta ba ya zuba ba alhali yana zuba, ba kuwa za ta fara yau ba. Sannan ta nuna allon da haɓa ta ce, "Abin da ƙarfe ma ya gani daga sama, shi zan ɓoye? Ina ga Wanda ya fi ƙarfen nisa? Mayar da shi e."

Na mayar, cike da haushi da tsoro. Ita ta danna akwatin da kanta, na riƙe mata yatsa. Goron da ke gefen allo ta bar shi a nan.

Kwanakin da suka biyo baya ban yi mata magana mai daɗi ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai gabana ya faɗi. Bayan mako biyu ma'aikatan hukuma suka zo, wata mata mai takalmin roba da abokin aikinta. Matar ta zaga bayan katanga, ta dawo ta ce ta yi mamaki, don a duk layin nan mu kaɗai muka amsa e. Ba za a rufe ba tukuna. Amma kafin ƙarshen damina sai an gina ramuka uku na siminti, ruwan ya kwanta a na farko, ya ratsa yashi da gawayi a sauran, lakar kuma a kwashe ta a kai inda aka tanada. In ba a yi ba, kwaɗo za ta sa wa ƙofar da hannunta.

Abokin aikinta ya ja awo ya zaga tsakar gidan. Wurin murhu ba zai yiwu ba, kusa da rijiya kuma haramun. Ya tsaya a kusurwar gabas, a kan shararren wurin nan, ya ce nan kaɗai ne zai ɗauka. Matan aiki duk suka sunkuyar da kai. Ni na buɗe baki zan ce a nemi wata dabara, Inna ta ɗaga mini hannu.

Washegari da safe ta share wurin kamar kullum, ta jingine tsintsiya. Da magina suka iso ta karɓi diga a hannun babbansu ta yi bismilla, ta yi saran farko da kanta, sannan ta shige ɗaki. Ba ta fito ba sai azahar.

Sartifika ta zo bayan damina, ta intanet ita ma. Na bugo ta a sibar, Inna ta sa aka yi mata gilashi aka rataye a zaure. Marina ta ci gaba, har yau tana nan a hannuna.

Bayan wasu shekaru na sayi waya mai taswira. Wata ranar Juma'a da la'asar Inna, lokacin ƙafa ta fara gagararta, ta ce in nuna mata gidan nan daga sama. Na san abin da take so ta gani. Na buɗe, na jawo Zongo, na bi layinmu. Ashe sun sake hoton. Fallen kwanon ya yi tsatsa ya saje da 'yan'uwansa. A kusurwar gabas ramuka uku ne a jere. Motar babu ita, ni kuwa da duk iyayina ban taɓa tunanin in adana tsohon hoton ba. Na ce, "Inna, ki yafe mini, ban ajiye ba."

Ta karɓi wayar ta kawo ta kusa da ido. Ta daɗe a kan kusurwar nan. Sannan ta kai yatsa bayan katanga, ta bi layin a hankali har babbar kwata, ta dawo ta sake bi. Yashi ne fari tas, babu ko ɗigo.

Ta miƙo mini wayar ta ce, "To, alhamdulillahi. Da ma shi Babanku kullum sai ya yi mini faɗan ruwan nan."