Alhajin da Ba Ya Tayi

Kwana uku Barakatu tana zarya shagon Abdulghani a kasuwar Balad, can ƙasa mai tsarki, saboda tafireta guda mai haruffan Larabci. Wani ofishin jiragen ruwa ya ce in ta zo da tata zai ɗauke ta aiki. Duk tayin da ta yi da 'yar muryarta, amsar ɗaya ce: "Albarka, ya binti."

Yau ga wani baƙo ya sha gabanta. Dogo ne, rigarsa tana ƙarar sitati, ƙeyarsa tana sheƙin askin Umra. Ba ya taɓa kaya, da leɓe yake nuna su. Leɓen ya tsaya a kan tafiretar.

Abdulghani ya ninka kuɗin. Baƙon ya zura hannu aljihu.

"Haba Alhaji, ko tayi babu?" in ji Barakatu.

"Tayi? Kuɗin tafiyar nan ma da aka karanto mana a majalisa, ko tari babu wanda ya yi. Muka ce mun amince, muka tafi salla. Naɗe min."

"Halas, ciniki ya faɗa," in ji Abdulghani.

Barakatu tana kallon yatsun baƙon masu kauri. Wannan bakin, a ganinta, bai taɓa roƙon abu sau biyu ba. Ƙila a falo za a kafa tafiretar don baƙi su gani.

Sai ya waiwayo. "'Yar nan, kin yi kama da 'yan boko. Gwada min ita."

Ta buga layi guda, babu kuskure ko ɗaya.

"Madalla, tana aiki," in ji shi. Ya rungumi tafiretar ya fice.