Goran Baba a Gidan Sarauta

Wata ranar Alhamis, ina aji biyar na firamare, lokacin da ruwa ya fara janyewa daga fadama, Malam Sabo ya jera mu biyu-biyu zai kai mu ganin wani tsohon gidan sarauta a cikin Haɗejiya. Ban daɗe da komowa gidan kawuna a birni ba daga ƙauyenmu na bakin kogi, kuma ba abin da nake tsoro kamar wani ya ce ina ƙarnin kifi. Saboda haka na dirje jikina da sabulu har fatata ta yi zafi. A aji kuwa, in an tambayi sana'ar mahaifina sai in ce manomi ne. Ba ƙarya ba ce, yana da 'yar gonar shinkafa inda nake yini korar tsuntsaye, amma da kamun kifi muke ci.

Gidan ya ba ni tsoro. Katangar ƙasa ce mai kaurin gaske, zaure bayan zaure, ga sanyi, ga warin jemage a cikin azara. Muka tuɓe takalma, wani dattijo jikan mai gidan ya buɗe mana ɗakin da suke adana kayan kakanninsu. Muka ga takubba da sulke da tambari, da wani akushi da yaro zai iya zama a ciki. Ina ta sakin baki kamar kowa har muka isa kusurwar ƙarshe, sai na tsaya cak. Wani ƙaton gora ne a ajiye, ya yi baƙi don tsufa, irin wanda masunta ke kifa ciki a kai su bi ruwa, suna jefa kifin da suka kama ta bakinsa. Irinsa sak Baba ke sunguma zuwa kogi kullum da safe.

"Wannan," in ji dattijon, "da shi mutanen da can suke kamun kifi."

Mutanen da can! Na sunkuyar da kai ina addu'ar mu wuce. Amma Malam Sabo, wanda ya san kawuna, ya yi murmushi ya ce, "Ai muna da ɗan masunta a nan. Ɗanlami, zo ka nuna musu yadda ake hawa."

Na san ba da mugunta ya faɗa ba, shi a ganinsa ɗaukaka ni yake yi. Na fito, na kifa cikina a kan goran, na ɗaga ƙafa na soma iyo da hannu. Tun ina ƙarami nake hawan gora, ban taɓa faɗuwa a ruwa ba. Sai dai a daɓe babu abin da ke riƙe gora. Ya mirgina, na kife ƙasa, haɓata ta bugi daɓe, wandona ya yage ta baya. Ɗakin ya kaure da dariya, har 'yan mata. Habu, mai surutun ajinmu, ya ɗaga murya: "Tarwaɗa ta faɗo tudu!" Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kamar in nitse. Daga ranar sunana ya koma Tarwaɗa har muka gama firamare.

Da na je gida hutu, na tarar da Inna tana juya kifi a kan banda, Baba yana ɗinke bakin goransa da ya tsage. Na ba shi labarin ina haɗiye kuka, ina jira ya yi fushi. Sai ya ajiye basilla ya dube ni.

"A ɗaki ɗaya da takubban?"

Na ce i.

"Ikon Allah! Ashe sun san darajarsa." Ya yi dariya, sannan ya ƙara da cewa, "Kai ma dai, wa ya ce maka ana hawan gora a tudu?"

Har magariba yana ba maƙwabta labari cikin alfahari, ni kuwa na shige ɗaki. A wannan hutun ya yi ta kirana kogi ina cewa karatu ya yi min yawa, har ya gaji ya daina.

Bara na kai 'yata Hauwa gidan sarautar. An shafe katangar da siminti, an zagaye kayan da igiya, ba a taɓawa. Baba ya rasu, ciyawar kacalla ta cinye mashigin da yake kamun kifi, goransa kuwa ban ma san inda ya ƙare ba. Hauwa ta nuna na kusurwar ta ce, "Baba, mene ne wannan?" Na ce da irinsa kakanta ya ciyar da mu. Idonta ya yi haske, ta ce in mun je ƙauye in koya mata hawa.

Na ce to. Ban iya gaya mata cewa rabona da gora tun ranar da na faɗo daga kan wannan ba.